Gishiri a Gaban Sufeto

"Babu darasin kimiyyar da zai gagare ni," in ji shugaban makarantar. "Shekara ashirin da bakwai ina harkar ilimi." Gaskiya ya faɗa. Ashirin daga ciki a ofis ya yi su, yana sa hannu a takardun sayen alli.

Ran nan sufeto ya zo duba malamar kemistiri, wadda har yanzu aikin gwaji take yi. Rahotonsa da sa hannun shugaba ne za su tabbatar da ita a aiki. Ta jera kayanta a tebur: batir, wayoyi biyu, ƙaramin ƙwan fitila, kwanon gishiri da kofin ruwa.

Ta fara da kyau. Ta zana atam ɗin sodiyam a allo, da elektron guda a zagayensa na waje. Sodiyam ya miƙa shi ga kulorin, wanda da ma guda ɗaya yake nema. Mai bayarwa ya zama ayon mai cajin fositif, mai karɓa ya zama negetif, sai suka manne wa juna. "Shi ne gishirin da kuke ci," ta ce wa ɗalibai.

Sufeto ya gyaɗa kai. Shugaba ya lura ba shi aka gyaɗa wa ba.

"Kawo, Malama, ki huta," in ji shugaba. "Yara, gishiri cike yake da caji. Ku zuba ido, yanzu zai kunna ƙwan nan."

"Ranka ya daɗe, ruwan..."

"Sai an gama, Malama."

Ya ture kofin gefe, ya cusa wayoyin cikin busasshen gishiri. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ya ƙara gishiri, ya danna da yatsa. Ƙwan ko ƙiftawa bai yi ba.

Malama ta san dalili. A busasshen gishiri kowane ayon riƙe yake da maƙwabcinsa, babu mai motsi balle ya ɗauki wutar lantarki, sai an narkar da shi a ruwa. Magana ɗaya ce za ta warware komai. Ta dubi aljihun shugaba, inda biron sa hannu yake maƙale.

"Me ya faru?" in ji sufeto, wanda tarihi ya karanta a jami'a.

"Malama, kin gwada kayan nan kafin mu shigo kuwa?" in ji shugaba.

"Ina jin ƙwan ne ya ƙone, yallaɓai. Ban duba ba."

Sufeto ya rubuta cewa ta san darasinta, amma ba ta shirya kayan gwaji ba, a sake duba ta baɗi. Shugaba ya sa hannu a ƙasa.

"Kada ki damu, ƙanwata," ya ce. "Mu ma da haka muka koya."

Da ajin ya watse, ta zuba gishiri cokali biyu a kofin, ta motsa, ta tsoma wayoyin. Ƙwan ya kama. Ta ɗan dube shi, sannan ta zare waya ɗaya don kada batir ya ƙare. Baɗi za a buƙace shi.