Gwazarma a Ciyawar Injiniya

Mijin yayata, wanda kowa ke kira Injiniya, bai taɓa gina ko akurkin kaji ba. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a wani ofis, sunan kuwa ya manne masa ne saboda hular kwanon da yake ajiyewa a bayan mota don a gani. Da ya yi ritaya sai ya tare a kan ciyawar ƙofar falonsa. Ya sa aka shimfiɗa ta lif kamar darduma, ya kafa ɗan allo mai cewa kada a taka. Jikokinsa ta jikin katanga suke raɓawa su shiga gida.

Ni dashen itatuwa da furanni nake sayarwa a bakin titi, shekara goma sha huɗu ke nan. A wurinsa wannan ba sana'a ba ce, wasan ƙasa ne.

Wata Asabar Yaya ta kira ni a waya. "Auta, zo ki duba mana ciyawar nan kafin mutumin nan ya kori kowa. Jiya maigadi ya sha zagi, yau karen maƙwabta ake tuhuma."

Na tarar da shi tsaye da tiyo a hannu, yana ta kwarara ruwa a kan wasu wurare da suka ƙone kamar an sauke musu tukunya mai zafi. Na gaishe shi, ya amsa ta hanci. Na tsuguna na kama ciyawar na ja. Ta taso gaba ɗaya kamar tsohuwar tabarma, babu saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashi ga su nan kwance, farare, ƙosassu, kowace ta lanƙwashe da ɗan jan kanta. A wurin da bai fi faɗin faranti ba na tsinci goma sha uku.

"Yallaɓai, ba kare ba ne, gwazarma ce," na ce. "Tsutsar ƙwaro. Uwar takan yi ƙwai a ƙasa mai laima, 'ya'yan su cinye saiwa. Takin shanun da ka zuba bai ruɓe ba, ga ruwa safe da yamma, ga fitilar nan da ke kwana a kunne tana kiran iyayen. Ai masauki ka yi musu."

Ya dubi tsutsotsin a tafina, ya ja da baya don kada su taɓa masa takalmi.

"To Malama, me kika karanta?"

"Ban karanta ba, na tona. A yaye inda ciyawar ta mutu a tsince su. Sauran a zuba magani da la'asar, daidai awon da aka rubuta a jikin kwalba, a bi shi da ruwa ya sauka inda suke. Sannan ka rage ban ruwan nan."

Ya yi wata dariya, ya juya wajen Yaya. "Kin ji ko? Mai sayar da fure a leda za ta koya mini kimiyya."

Kwana biyu bayan haka ya kawo ƙwararrensa. Yaya ce ta ba ni labari, tana yi tana tafa hannu. Wani mutum ne da farar riga irin ta likitoci, tankin feshi a baya, da kati mai lambar waya huɗu. Dokta yake kiran kansa. Bai ko sunkuya ba, balle ya taɓa ƙasa. Ya zagaya ciyawar hannu a baya, ya ambaci sunan wata cuta mai tsawon gaske, ya ce daga ƙasashen waje iska ke kawo ta, kuma ciyawar manyan mutane kawai take kamawa. Nan take Injiniya ya sa aka kawo masa kujera da lemo mai sanyi.

Da tsakar rana Dokta ya yi feshin, ya ninka awon sau uku, ya kuma hana a zuba ruwa har mako guda. Maganin ya bushe a kan ganye, gwazarma na can ƙasa suna cin abincinsu lafiya lau. Iska ta kwashi sauran ta kai bayan gida, inda Yaya ke da 'yan kunyoyin tumatir da tattasai. Duk suka yanƙwane. Ƙudan zuman da ke zuwa furen lemon tsaminta suka mutu, ta share su da tsintsiya. Kyanwar gidan ta yi kwana biyu tana amai, jikoki kuwa uwarsu ta hana su zuwa saboda wari.

Kafin mako uku ƙunar ta haɗe ta cinye rabin filin. Hankaki suka gano wurin, kullum da safe su sauka su yi ta tono, Injiniya na bin su da sandar goge-goge, zanen barci a ɗaure a ƙugu. Ya kira lambobin Dokta huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, kowace a kashe.

Yaya ta ce masa, "Baban yara, ka kira Auta mana. Me zai ragu a jikinka?"

Bai kira ni ba. Magina ya kira. Suka kankare ciyawar, suka malala siminti tun daga ƙofar falo har get, ya sa aka shafe shi da koren fenti. Duk baƙon da ya zo sai ya tsayar da shi a rana ya yi masa bayani cewa haka ake yi yanzu a ƙasashen da suka ci gaba. Zafin da simintin ke hurowa falo kuwa, fanka biyu ba sa maganinsa.

Ni dai na je na gyara wa Yaya kunyoyinta. Na juye ƙasar, na tsince abin da na tsinta, na kawo mata sabon dashe. Ina wanke hannu a famfo sai ga shi ya fito, yana kallon sama kamar ba da ni zai yi magana ba.

"Auta, wane fure ne ba ya son ƙasa, ba ya kuma tara tsutsa?"

"Na roba, Yallaɓai."

Na ɗauka zai ji haushi. Washegari ya sayo tukwane shida na furen roba, ya jera su a kan simintin, jajaye da rawaya. Kowace safiya yana nan da tiyonsa yana wanke musu ƙura.