Mataccen Jinin Malam Hashimu

A Gidan Mati, wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Bagwai, akwai wata ɗorawa da ta gaji da jin ilimi. A gindinta mazan gari suke zama, kuma babu lungun da ba su leƙa ba a jikin ɗan Adam. Sun tattauna dalilin da ya sa hamma take tsallakawa daga baki zuwa baki. Sun yi musu a kan abin da yake ƙugi a cikin mai jin yunwa, hanji ne ko tsutsa. Mutum biyu sun taɓa daina gaisawa a kan me ya sa gashi yake barin kan tsoho ya koma kunnensa. Jagoran wannan bincike shi ne Malam Hashimu, ƙato mai wuya kamar na bijimi, wanda yake tashi da akushin tuwo shi kaɗai sannan ya tambayi jama'a ina abinci yake tafiya.

Kulu ba ta taɓa damuwa da su ba. A ganinta gara su zauna can da su dawo gida su sa wa tukunya ido. Sai ranar da ta buƙaci wani abu daga cikin jikin da suke ta bincike.

'Yarta Zakiyya, matar Sama'ilu ƙanin Malam Hashimu, ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Ta sauka, namiji, amma jini ya ƙi tsayawa. Kafin a kai ta wani ƙaramin asibiti a cikin gari, tafin hannunta ya yi fari kamar an shafa alli. Aka samu aka tsayar da jinin, aka ce sai an ƙara mata leda biyu. Asibitin ba shi da ajiya, dangi ne suke kawo mutum a gwada, in ya dace a ɗiba. Sama'ilu, siriri kamar sillen kara, ya ba da ta farko, ya sake miƙa hannu aka kore shi. Kulu ta miƙa nata. Nas ɗin, wata mai suna Tahira, ta ja fatar idonta ta duba, ta ce, "Inna, ke ma da da hali da an ƙara miki. Ki je ki nemo mana mai ƙarfi, kuma kada rana ta faɗi."

Mijin Kulu ya rasu, 'ya'yanta maza suna kudu suna dako. Saura dangin mijin Zakiyya. Ta hau acaɓa ta koma ƙauye.

Ranar Juma'a ce, ba a zuwa gandu, don haka tun da hantsi majalisa ta cika. Abu biyu ne suka ɗaure wa Kulu harshe. Mutanen da za ta roƙa surukai ne. Sannan Zakiyya 'yar fari ce, tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ta san da zamanta ba. Ta durƙusa daga nesa, ta gaishe su da ruwa, ta gaishe su da gona, sannan ta ce, "Dama yarinyar gidanku ce, aka ce sai an ƙara mata jini."

Addu'a ta zubo daga kowane ɓangare, mai yawa, mai kyau. Da ta lafa, Malam Hashimu ya gyara zama.

"Allah ya tashi kafaɗunta, Inna. Amma abin da dubawa. Shi jini awo aka yi wa kowa tun yana cikin uwarsa. Wanda ya fita ya fita, ba ya dawowa. Ga noman fari ya kama. In aka zuƙe mutum, wa zai riƙe masa fartanya?"

Wani ya ce shi tun bara yake jin jiri. Wani ya ce ya ji ana ɓoye rabi a sayar wa masu kuɗi. Na gefensa ya ce to wai ma nawa ne jinin mutum gaba ɗaya, zai cika tulu? Aka ce ina, bokitin fenti dai. Aka ce ai ya danganta da tsawo. Musu ya kankama, aka manta da ita. Tana durƙushe har ƙafarta ta mutu, da ta miƙe sai da ta dafa ƙasa, ta tafi tana ɗingishi. Ba ta yi nisa ba ta ji muryar Malam Hashimu a bayanta.

"Kun ga wata tambayar kuma. Me yake kashe ƙafa in an daɗe a durƙushe?"

Ta bi gidaje. Matan da suka tausaya mata, wata tana da ciki, wata tana goyo, wata sai ta tambayi maigida, maigidan kuwa yana gindin ɗorawa yana auna jini da bokitin fenti. Rana ta ɗaga. Kulu ta yanke ta bayan zauren Malam Hashimu don ta kama hanyar tasha, a can ta tarar da shi.

Yana zaune a kan tabarma ba riga, bayansa ya cika da ƙahoni tsaye-tsaye. Sha'aban wanzami yana durƙushe da zabirarsa a buɗe. Ya ɗaga ƙaho ɗaya, ya karkaɗe gudan jini a wani ɗan rami da ya tona a cikin yashi, ya kore kajin da suka matso, ya mayar da ƙahon ya tsotsa.

"Malam Hashimu," in ji Kulu, "wannan mene ne?"

Ya lalubi rigarsa, amma riga ba ta shiga a kan ƙaho. "Haba Inna, ai bai kamata ki gan ni haka ba."

"Na riga na gani. Mene ne a ramin nan?"

Sha'aban, wanda bai je majalisa ba kuma yake son yabon sana'arsa, ya amsa da fara'a. "Mataccen jini ne, Inna. Duk shekara kafin noma ya yi nisa nake cire masa, in ba haka ba jiki ya yi ta yi masa nauyi ke nan."

"Duk shekara," in ji Kulu.

"Wata shekarar sau biyu. Ai Malam jini ya yi masa yawa. Kina ɗiba yana tsattsafowa, kamar rijiyar fadama."

Malam Hashimu ya yi tari. Sha'aban ya ɗauka ƙaho ne ya matse shi, ya sassauta masa ɗaya.

Kulu ta dubi ramin, ta dubi kajin. Ta ce, "Da safe awo aka yi maka tun kana ciki. Yanzu kuma har kaji suna da rabo."

"Wannan daban, wancan daban. Wannan matacce ne."

"Yaushe ya mutu? Da can, ko da ya ji an ambaci asibiti?"

"Inna, ki yi a hankali, mutane suna ji."

"Su ji. Zakiyya tana can kwance." Sunan ya fito mata da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Matan da suka leƙo ta saman danga suka dubi juna, don babu wadda ta taɓa jin sa a bakinta. Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi. "Zakiyya, 'yata, ta fari. Idonta ya yi fari, leɓenta ya yi fari, ɗanta yana kuka ba ta iya ɗaga shi. Kai kuma kana nan kana biyan wanzami ya shayar da yashi."

Mutane suka taru. Cikinsu har da Dokas matar Nathan, daga unguwar Kiristoci ta ƙetaren rafi, wadda Kulu take sayen daddawa a wurinta. Ta taso daga gayaunarta da fartanya a kafaɗa. Ta fita titi ta tsayar da wani mai a-daidaita-sahu da ya sauke taki. Malam Hashimu ya dubi fuskokin jama'a, ya ga babu wata tambaya da za ta fitar da shi. Aka cire ƙahoni, ya sa riga, ya shiga. Dokas ma ta shiga, ta ce don kada Inna ta faɗi a hanya.

A asibiti Nas Tahira ta ga ɗige-ɗigen jini a bayan farar rigarsa, ta ce ya ɗaga. Ta daɗe tana kallon tsagar.

"Yau aka yi maka ƙaho?"

"Ɗazu."

"Askar, kai kaɗai aka yi wa da ita?"

"Askar Sha'aban?" in ji shi da alfahari. "Ai tun ta kakansa ce. Babu bayan da ba ta taɓa ba a garinmu."

"To ba za mu ɗauki naka ba, sai an yi watanni an sake gwadawa."

Malam Hashimu ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɓata fuska, fuskar ta ƙi. Ya juya ya ce, "Kin gani ko, Inna? Ni da zuciya ɗaya na zo."

Kulu ta zauna a ƙasa, a nan kan siminti. Ta yar da kunyar da ta riƙe tun tana amarya, ta tsaya a kan suruki yana zaune ba riga, ta kama sunan 'yar fari a bainar jama'a, duk don ta kawo wa asibiti mutumin da wanzami ya riga ya cece shi. Ta taga tana ganin inuwa ta fara juyawa.

Dokas ta jingine fartanyarta a bango. Ta ce, "Na mace yana yi?"

"Yana yi, in ba ki da ciki, ba kya goyo."

"Na yaye. Allura ce dai ba na so. In za a rufe mini ido, ki ɗiba."

Aka gwada, ya dace. Ana shirin kwantar da ita sai Malam Hashimu ya matso bakin ƙofa.

"Ni dai tambaya nake, kada a ce na ce wani abu. Mutanen nan cinsu daban, shansu daban. In jininta ya shiga jikin matar ƙanina, ya bi ta nono ya shiga yaron, me zai zama?"

"Sai ya tashi da son noma, Malam," in ji Dokas daga kan gado.

Nas Tahira ta ce, "Mun duba ciwon hanta, mun duba sauran cututtuka, babu. Abin da kake nema injinmu ba ya ganinsa."

Sama'ilu, wanda tun da aka haife shi bai taɓa katse yayansa ba, ya tashi daga kan benci yana dafa bango. Ya ce, "Yaya, ka je kada Juma'a ta wuce ka."

Kulu ce ta rufe wa Dokas ido da tafin hannunta. Leda tana cika, Dokas tana ta surutu don kada ta ji allurar: ciyawa ta cinye mata gyaɗa, akuyar maƙwabta ta koyi tsallake shinge, Nathan ya ce zai gyara tun bazara. Kulu tana amsawa da "uhm", idonta a kan ledar. Ja ne, irin na kowa.

Kafin magariba aka ɗaura wa Zakiyya jinin. Washegari Kulu ta buɗe tafin hannun 'yarta ta ga ja ya fara dawowa. Zakiyya ta ce tana son kunu. Kulu ta kau da kai ta ce wa Sama'ilu, "Yarinyar nan ta ce kunu." Ba ta ƙara kama sunan ba.

A gindin ɗorawa kuwa labari ya samu gyara. Wai Malam Hashimu ya je asibiti da ƙafarsa, likitoci sun duba, sun ce jininsa ya yi wa mace ƙarfi. Majalisa ta karɓa, ta shiga binciken ko jinin namiji yana sa wa mace gemu.

Da yake haihuwar fari ce, a gidan Kulu aka yi suna, ita ce kuma da rabon nama. A danginsu Sama'ilu cinyar ragon suna ta babban wa ce, kowa ya sani. Kulu ta soya ta, ta haɗa da hanta, ta rufe a kwano, ta ɗora a ka. Ta bi ta gaban ɗorawa. Malam Hashimu ya gane kwanon tun daga nesa, har ya fara naɗe hannun riga. Sai ya ga ta wuce kwanar gidansa ta miƙe hanyar rafi.

"Inna, hala kin manta hanya?"

Ta tsaya, wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Ban manta ba. An ce wanda ya ba da jini a ba shi nama ya mayar."

"To ai ni ma na zubar."

"Naka yana bayan zaure, Malam. In kaji sun rage, ka je ka tono."

Ta gyara kwanon ta gangara. A ƙetaren rafi tana hango Dokas a duƙe cikin gyaɗarta.