Fuskar Baba Abdou a Kwalin Dabino

Ranar da aka ɗauki hoton, Abdou yana tsince dabino ne a gonar kafil ɗinsa, mutumin da sunansa ke kan takardar zamansa. Ɗan maigidan, wanda ke kiransa Ammu, wato baffa, ya ce masa, “Ammu, yi murmushi.” Ya yi. Bai san an gama da shi ba sai da ya ga kansa a kan kwalayen wani kamfanin dabino, da tsagen Gobir ɗinsa rangaɗau, da fararen haƙora jere waɗanda na'ura ta dasa masa. Shi kuwa bakinsa wawulo ne tun yana Maraɗi.

Ya haɗiye wannan. Abin da ya tsaya masa a wuya ya zo ne daga baya. 'Yarsa Afnan ta ɗauke shi a bidiyo yana tallar yajin da uwarta ke dakawa a gidansu na unguwar Harra ta Yamma a garin Manzo, sai aka sauke bidiyon daga intanet. Kamfanin ya kai ƙara cewa fuskar nan tambarinsa ce mai rajista.

“Fuskar wa?” in ji Abdou.

Afnan ta amsa da Larabci, kanta a ƙasa. “Taka, Baba. Wai tasu ce yanzu.”

Ya jira lokacin Umra, ya sa farar taguwarsa, ya je ya zauna a gefen ƙofar shagon kamfanin. Mahajjatan Nijeriya suka fito da kwalaye, suka dubi kwali, suka dube shi.

“Ikon Allah, Baba, kai ne? Tsaya mu yi hoto.”

Ya buɗe musu baki har kunne.

Wata Hajiya ta sauke wayarta a hankali. “Baba, ina haƙoran? Ko dabinon ne ya cinye su?”

Abdou ba zai yi ƙarya a garin Manzo ba. Murmushin kawai ya ƙara faɗaɗawa. Hajiyar ta juya ta mayar da kwalayenta, ƙawayenta suka bi bayanta.

Kullum sai ya zo bayan La'asar. Da abin ya ishi manajan shagon, ya fito yana gumi.

“Ya Hajj, don Allah rufe bakinka.”

“Naku ne ai,” in ji Abdou. “Ku rufe shi.”

Kafin Azumi, an sake kwalayen. Bishiyar dabino ce a jiki.