Ɗakin da Ake Gani a Zaune

Shekara goma sha ɗaya Mai Labule ta yi a kwamitin duba aiki na ƙungiyar masu ƙawata ɗakuna. Aikin sa-kai ne, in ji su, sai dai ba wanda ya gaya mata cewa cire kan ne wahala. Sunan Mai Labule ya bi ta tun tana ɗinkin labule a barandar gidan yayanta, ya kuma ƙi sakinta har yanzu da ake damƙa mata gida sukutum ta tsara. Duk Laraba takan rufe shagonta, ta hau bene hawa biyu zuwa ofishin ƙungiya, inda fankar sama ke kuka, kujerun roba kuma babu biyu masu launi ɗaya. Masu ƙawata gidajen mutane ke nan.

Rabin dokokin kwamitin da hannunta aka rubuta su. Ita ta zauna ta fitar da takardar awo da ake bi wajen ba da maki a gasar shekara: tsakiyar hoton bango mita ɗaya da rabi daga ƙasa, makunnin wuta kaza, gindin taga kaza. Ita ta dage cewa ba a yanke hukunci da hoto, sai ƴan kwamiti sun je sun tsaya cikin ɗakin da ƙafarsu, don ta ga yadda ake ɓoye tsagin bango a bayan tukunyar fure. Ita ce kuma ta kawo dokar da ta fi alfahari da ita, cewa ɗan kwamiti ba ya shigar da aikinsa gasa, ba ya ma tallarsa ga ƴan uwansa, sai ya sauka ya cika shekara guda. Lokacin ba ta da ɗakin da take son a gani, shi ya sa bakinta ya yi kaifi.

Daga baya ta samu. Wani tsohon malamin makaranta ne, ciwon suga ya ci ƙafafunsa biyu, ya koma keken guragu. Ɗansa ya kira ta ta gyara masa falo. Ta shiga da tef ɗinta za ta fara awo, sai ta ga tsohon yana ɗaga wuya kamar mai neman wata don ya kalli hoton marigayiya matarsa. Ta mayar da tef jaka, ta roƙi a ara mata tsohon kekensa, ta yi kwana uku tana zagaya ɗakin a zaune. Sannan ta sa magini ya fasa bango ya sauke taga ƙasa, har tsohon ya iya ganin ƙofar gida da wanda ke shigowa. Ta sauko da kantar littattafai, da makunnan wuta, da madubi, da hotuna, komai ya dawo daidai idon mutumin da ke zaune. Ranar da aka gama ya gangara da kekensa har gaban hoton.

"Ƴata," ya ce, "shekara huɗu rabona da in kalli matar nan ido da ido."

Ta san ba ta taɓa yin aiki kamarsa ba. Ta kuma san ba za ta sake ba, don idonta ya fara tafiya. Likita ya ce jijiya ce, ba yanar da ake cirewa ba. Shuɗi da kore sun fara haɗe mata, har takan kira ƴarta a ɓoye ta tambaye ta wane launi ne a gwangwanin fenti. Abu ɗaya take so kafin hasken ya ƙare: abokan sana'arta su shiga ɗakin nan, ta jawo musu kujeru su zauna, su gani.

"Mama, ki sauka mana," in ji ƴarta. "Laraba ta cinye miki shago, yanzu kuma za ta cinye miki ɗakin. Ke kaɗai ce mai hannu a ƙungiyar?"

Sau biyu ta kai takardar sauka. Sau biyu Shugaban kwamiti, mai sayar da tayil da murmushi, yana dafe ƙirji.

"Haba Yaya! Wa zai rubuta mana rahoto? Ki bari a gama gasar bana, don girman Allah."

Ita kuma da son a ce ba a iya yi sai da ita, ta bari. Wannan laifinta ne, ta sani, kuma yana cinta. A karo na uku ya karɓi takardar ya sa a aljihu, da sharaɗin sai an kammala zagayen duba ɗakuna. Ana cikin haka tsohon ya rasu. Ta je gaisuwa, ɗan ya rako ta har bakin titi yana cewa, "Anti, falon Baba ko allura ba za mu taɓa ba." Ta riƙe maganar nan wata biyar, tana ƙirga lokacin da ya rage mata.

Ranar zagaye na ƙarshe su biyar ne a motar haya, kowa da allon rubutu a cinya. Ba a faɗa wa masu dubawa sunan mai aiki, lamba kawai ake ba su da adireshi a hannun direba. Sun gama ɗaki na goma sha uku wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Motar ta wuce gidan mai, ta karya kwana wajen shagon mai walda, ta shiga layin da rabinsa kwalta rabinsa ƙasa. Mai Labule ta gane layin. Ta ce a ranta gidaje da yawa ne a layin. Direba ya tsaya a ƙofar da ta sani, mai ɗan gangaren siminti da ita ta sa aka zuba don keke.

Ɗan tsohon ba ya nan, mai gadi ne ya buɗe musu. Suka cire takalma a bakin falo kamar yadda suka saba, suka shiga.

An sake ɗakin gaba ɗaya, ya kuma yi kyau, wannan ne abin baƙin cikin. Wanda ya yi aikin ya san hannunsa. Silin sabo, kujeru masu dogon baya, labule daga sama har ƙasa an ninke shi yadda ita kanta ba za ta kushe ba. An ɗaga kanta, an ɗaga madubi. Hoton tsohuwar ya koma can sama kusa da na mijinta. Taga kuma an toshe ƙasanta da bulo an shafe, ta koma inda tagogin mutane suke.

Wani ɗan kwamiti da ake kira Fitila, saboda aikin wutar ɗaki yake yi, ya buɗe fayil ɗin lamba goma sha huɗu. Al'adar gasar ce mai shiga ya haɗo hotunan yadda ya tarar da ɗakin, don a ga nisan da ya kawo shi. Fitila ya kalli na farko ya tuntsire da dariya.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Wa ya yi wannan? Hotuna a gindin bango kamar an jingine su za a kwashe."

Suka taru a kansa. Hoton a tsaye aka ɗauke shi, daga sama, don haka komai ya fito a durƙushe, rabin bango na sama fayau babu komai.

"Dubi taga," in ji wata. "Ta akuya ce ko ta mutum?"

"Irin waɗannan ne ke ɓata mana suna," in ji Shugaba yana girgiza kai. "Kowa ya sayi tef sai ya ce shi mai ƙawata ɗaki ne. Yaya, zo ki gani, ke da ba kya raga wa kowa."

Ta matsa. Ko da idon nan nata ta gane shuɗin da ta haɗa da hannunta sau shida kafin ya yi. Doka ta ce wanda ya taɓa aiki a gida ya faɗa, ya fita waje ya jira. Ita ta rubuta wannan ma. Amma faɗin yana nufin ta buɗe baki a tsakiyar dariyar nan ta ce ni ce, ta ga fuskokinsu suna neman inda za su ɓuya, sannan su fara yabon ƙarya don tausayi. Ba ta fita ba.

"Wataƙila mai ɗakin a zaune yake rayuwa," ta ce a hankali. "Da za ku zauna ku duba."

"Ko a kwance yake, awo awo ne," in ji Shugaba. "Ke kika koya mana. Riƙe tef mu gama, rana na yi."

Ta riƙe. Fitila na jan bakin tef, tana karantawa da ƙyar tana faɗa. Tsakiyar hoto mita ɗaya da rabi cif. Makunnin wuta daidai. Madubi daidai. Duk inda ta sa tef, takardarta ce ke amsa mata. Da suka zo taga ta durƙusa don ta dafe tef a ƙasa, kanta ya zo daidai inda kan tsohon yake zuwa. Ta ɗaga ido ta duba. Babu ƙofar gida, babu mai shigowa, farin bango ne kawai a gaban hancinta. Ta shafa shi da tafin hannu, ta ji ɗan tudun filasta inda tsohon gindin tagar yake. Abin da ya rage na aikinta ke nan, kuma sai an shafa ake jinsa.

"Yaya, ko ƙafa ce ta riƙe?"

"A'a. Daidai ne. Mita ɗaya da santimita ashirin."

A bakin ƙofa kowa ya rubuta makinsa. Ta daɗe da biro a hannu tana neman abu ɗaya da za ta rage, ba ta samu ba. Ta rubuta goma. Shugaba ya zare tsohon hoton daga fayil ya miƙa mata, ya ce a sa shi cikin takardun horar da sababbin mambobi, ta rubuta a ƙasansa kurakuran da ke ciki, tunda ba wanda ya kai ta iya jera su. Ta karɓa ta sa a jaka kusa da maganin idonta.

A mota ya juyo daga kujerar gaba, ya taɓa aljihunsa.

"To Yaya, yau dai mun sake ki. Shekara guda kamar gobe ce. Sai ki kai mu wannan ɗakin naki da kike ta ɓoyo, mu ma mu gani da idonmu."

Ta kalli waje. Gidajen layin suna wucewa, launinsu duk ya zama ɗaya.

"Yaga takardar, Shugaba," ta ce. "Na fasa sauka."

Motar ta kaure da tafi. Fitila ya ce dama ya san ba za ta iya barinsu ba, Shugaba ya yi ta sa mata albarka. Ita kuwa tana naɗe tef ɗinta a hankali, sai ta tambaya ko taron Laraba ƙarfe goma ne kamar kullum.