Hular Kwanon Weston

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin nas a firamaren garinmu, a yammacin Texas, kuma ko da na yi ritaya ban bar filin ƙwallo ba, irin ƙwallon Amurka da ake yi da hular kwano. Kowace Asabar da safe nakan ɗauki jakar magani da kular ƙanƙara in zauna a bakin layi. Tun da maigidana ya rasu gidan ya yi mini girma, a filin nan kaɗai nake jin ana ƙwala mini kira. Ɗana Royce shi ne kocin 'yan shekara tara. Ɗansa Weston, jikana tilo, shi ke rungumar ƙwallo ya kutsa cikin abokan karawa, su kuma su taru su kayar da shi. Siririn yaro ne, in ya sa hular kwano yana gudu sai ka ce tukunya aka kifa wa sanda.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, wani ƙaton yaro, wanda na rantse ya kusa fara aske gemu, ya yi karo da Weston kai da kai. Ƙarar ta iso har inda nake. Yara duka suka durƙusa da gwiwa ɗaya, yadda aka koya musu in wani ya faɗi, fili ya yi tsit. Weston ya miƙe, jama'a suka tafa, a wurinsu magana ta ƙare ke nan. Ni kuwa na ga ya nufi bencin abokan karawa kafin rafali ya juyo da shi.

"Zo nan, sarkin gudu," na ce. "Cire hular in ga idonka."

"Lafiyata ƙalau, Kaka."

"Na sani. Me ka ci da safe?"

Ya tsura wa takalmansa ido. Ni da hannuna na ba shi burodi da ƙwai, ko awa biyu ba a yi ba.

"Kaka, ki bari mana. Baba yana kallo."

Duk tsohuwar nas ta san cewa in kin ce wa yaro ya zauna, da kin juya baya ya koma fili. Amma babu rafalin da zai bar shi ya shiga ba hula. Na juye ƙanƙarar a ciyawa, na cusa hular cikin kula, na rufe, na zauna a kai.

Royce ya taho yana huci. "Mama, ina hular yaron nan?"

"Ga ta ƙarƙashina."

"Saura minti shida, da maki huɗu kawai suka fi mu! Ɗan jiri ne. Sau nawa aka buge ni haka? Ga ni garau."

"Garau? Kai da kake neman makullin mota yana hannunka?"

"Mama, don Allah kar ki kunyata ni a gaban mutane."

"To in ka isa, ɗaga uwarka a gaban mutanen."

Daga cikin 'yan kallo wani ya ɗaga murya: "Mis Lurleen, maza muke reno a nan, ba ƙwai ba!" Doyle ne, mai sayar da taya, wanda na taɓa ciro wa ƙwayar wake daga hanci yana aji biyu. Aka kwashe da dariya. Ban motsa ba. Weston ya ja kular, ya ja hannuna, da ya gaji ya fashe da kuka ya ce ba ya sona. Aka cinye mu, kakar wasa ta ƙare a nan.

Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu, sati uku ba gudu ba tsalle. Matar Royce ce ta turo mini da saƙo, layi biyu. Na ɗauka za a zo a ce an gode, ko a zo a yi mini faɗa ma, duk ina so. Ran Lahadi na soya kaza ta mutum huɗu kamar kullum, ni kaɗai na yi ta ci har Laraba. A coci ana gaishe ni, amma gaisuwar da ake yi ƙafa na tafiya. Da Kirsimeti sun zo, Weston ya miƙo mini hannu kamar ya haɗu da shugabar makaranta. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Kuma ni ma ba wankakkiya ba ce: ni na kai shi aka rubuta sunansa a wasan yana ɗan shekara shida, har ina ɗaukar hoto.

Da sabuwar kakar wasa ta zo, kwamitin wasa ya aiko mini da takardar godiya mai kyau, wai sun samu matashiyar nas, in huta. Sai na koma ajiye motata a bayan shingen waya, can gefen filin. Daga nan ba a ganin lambar riga, duk yaran iri ɗaya ne. Duk wanda ya faɗi sai in ƙanƙame sitiyari ina cewa, "Tashi, Weston, tashi," har ya miƙe.

Asabar ta bakwai, lokacin hutun rabin wasa, matashiyar nas ɗin ta tsallako ta ƙwanƙwasa mini gilashi.

"Mis Lurleen, kullum ina hango motarki. Wa kike zuwa kallo?"

"Jikana mana. Weston."

Ta ce, "Ai Weston bai buga bana ba. Tun hutun ƙarshen shekara babansa ya cire shi, yanzu ganga yake kaɗawa a makaranta. Ba su gaya miki ba?"

Na ce mata na gode, na ɗaga gilashi. Na zauna har aka tashi wasan, don ban san inda zan je ba.