Kyautar Kawu Rufa'i

Tun kafin a yaye zanen da aka lulluɓe kyautar na tsani walimar nan. Kawu Rufa'i, yayan mahaifiyata, shi ya shirya ta a falonsa na unguwar Peckham a London don murnar na zama dakta, amma cikin mutum talatin da ya tara babu wanda ya san abin da na karanta. Wata ta tambaye ni maganin ciwon gwiwa. Na ce mata ni tsuntsaye na karanta, ta ce, "Allah sarki," kamar na gaya mata an yi mini rasuwa.

Shekara huɗu na yi ina kai da kawowa tsakanin London da wani gandun tsuntsaye a kurmin bakin iyakar Kamaru. Aku nake ƙirgawa, mai ruwan toka da jar wutsiya. Masu ɗana musu danƙo sun kusa ganin bayansu. Abin da ya rage musu wata ƙatuwar bishiya ce can cikin kurmi, mai kogo goma sha ɗaya, kowane da sheƙa. Mu biyu muka san hanyarta, ni da Nashiru mai gadin gandun. Ko a kundina ban rubuta inda take ba.

Sai dai na gaya wa Kawu. Bara da ƙaramar salla ya tsare ni da tambaya: ta wane ƙauye ake shiga, wane rafi ake tsallakawa? A gidanmu babba ba ya tambaya ka ce masa sirri ne. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, a gidansa na yi shekarata ta farko. Na faɗa masa, har da zane a bayan ambulan. Na ɗauka sha'awar aikina yake. Wautar tawa ce, ba na neman wanda zan raba ta da shi.

"Jama'a, a saurara!" Kawu ya miƙe yana gyara babbar riga. "Luba ta bar London ta tafi daji sauro na cin ta saboda tsuntsu. Na ce, ina raye? Na yi arranging, an kawo mata shi har gida. Wahala ta ƙare."

Ya fizge zanen. Keji ne, a ciki aku ya takure, ya tsige gashin ƙirjinsa har fata ta fito. Idona ya tafi ƙafarsa ta hagu. Yatsa ɗaya a gundule. Mai-Dungu ne, namijin kogo na huɗu, wanda na yi damina uku ina kallo ta madubin hangen nesa.

"Ki yi godiya mana," Anti Muhibbat, matar Kawu, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Kawu, daga ina?"

"Yana da papers," ya ce, yana kashe wa abokansa ido. "A keji aka ƙyanƙyashe shi, nan Turai."

Sai akun ya karkata kai ya dube ni, ya yi fito: gajeru biyu, dogo ɗaya. Da wannan fiton ni da Nashiru muke neman juna a kurmi, inda waya ba ta aiki. Wanda ya ji yakan amsa, a san yana kusa. Mai-Dungu ya koye shi daga sama, ya sha sa mu yawon banza.

Raina ya ɓaci, amma lissafi ɗaya nake yi. In shi kaɗai suka kama, bishiyar na tsaye, sheƙa goma na nan, ana iya ƙara masu gadi tun yau.

"Ina Nashiru? Sati uku ba na samun sa."

"Wannan mai taurin kan? An ba shi na goro ya ƙi. An yi masa transfer."

"Wa ka tura kurmin?"

"Kun ga 'yan boko ko? A yi maka kyauta, ka koma interrogation." Ya daina murmushi. "Ke, a gaban mutane na ba ki. Hannu biyu za ki sa ki karɓa."

"Bishiyar fa?"

"Bishiya, bishiya! Ba ga su nan birjik a park ba?" Aka kwashe da dariya. "Tana nan. Ina za ta je?"

Na sauke ajiyar zuciya. Ina jin kunyar faɗa, amma saura kaɗan in gode masa.

Akun ya buɗe baki kuma. Wannan karon gurnani ya yi, ya tsaya, ya sake, sannan ya ja wata doguwar ƙara mai kartar kunne.

"Babur!" wani ya yi ihu. "Wallahi babur yake kwaikwaya!" Aka hau tafi, aka ɗaga wayoyi.

Ba babur ba ne. Injin yanka katako ne, ana jan igiyarsa har ya tashi, sannan haƙoransa su shiga ɗanyen itace. Aku ba ya koyon sauti da ji ɗaya. Mafarauta sukan ɗaure wanda suka fara kamawa don kukansa ya jawo sauran, in sun gama da manyan su kayar da bishiya su kwashe 'ya'yan. A ɗaure ya zauna yana ji, kwana da kwanaki.

Na ciro wayata na fara neman lambar 'yan sanda.

"Wa za ki kira?" Kawu ya tako gabana. "A gidana? Ki kira, in kira uwarki, mu ga wanda za a tsine wa."

"Ka kira ta. Ka ce mata ni na zana maka hanya."

Na kara wayar a kunne. Falon ya yi tsit, sai ƙarar kiran da ke shiga. A cikin shirun nan Mai-Dungu ya manne da ƙarfen keji, ya sake yin fito, gajeru biyu, dogo ɗaya, ya tsaya yana jira.

Ban amsa ba. Da wane baki?