Ruwa Zai Jira Jibi

Kellu na ɓalla maɓallan farar rigarta ta ɗakin gwaji sai salularta ta sake ruri a kan katifa. Ta kai hannu, amma Haoua ta riga ta.

"Babanki ne," in ji Haoua. "Me na ce maki tun ranar da kika shigo ɗakin nan?"

Haoua 'yar shekarar ƙarshe ce, ɗiyar wani ma'aikacin gwamnati da aka turo Diffa daga Maraɗi, kuma tana da dokokinta na zaman jami'a, waɗanda take rabawa kyauta ko ba a tambaye ta ba. Ki zauna a layin gaba. Kada ki ara wa kowa kalkuletarki, ko da kuka yake. Kada ki yi wasa da aikin gwaji, wanda ɗalibai ke kira tepe, domin mai ilmin kimiyya da hannu ake gane shi. Amma babbar dokar, wadda take faɗa tana ɗaga yatsa, ita ce ranar jarrabawa ɗalibi ba shi da gida.

"Matsalar gida ba ta ƙarewa, ƙawata. In sun kira, ki faɗa masu abin da zai kwantar masu da hankali, ki kashe waya. Bayan kin fito kya yi kukanki."

Bara Kellu ta taka wannan doka. An kwantar da mahaifiyarta asibiti, ta tafi jinya, ta rasa gwajin darasin ilmin ruwa, aka danƙara mata sifili. Yau ne za ta sake shi, kuma babu wata dama bayan wannan. In ta ci, ta wuce zuwa shekara ta uku. In ta faɗi ko ta makara, sai ta naɗe katifarta.

"Ba ni dai," ta ce. "Ba ya yawan kira."

Ta fita baranda ta ɗauka. Muryar Baba Fannami ta zo daga ƙauyensu da ke kusa da Gueskérou, a hankali kamar kullum, da harshen Kanuri. Sai da ya tambayi lafiyarta da ta malamanta kafin ya zo kan magana. Kogin Komadugu ya taso. Ruwa ya kai gindin shingen ƙasa da buhunan yashi da suka yi a bakin gonaki. Wasu maƙwabta sun fara tsinke tattasansu ɗanye.

"Namu ya fara ja, Kellu. Kwana kaɗan ya rage ya nuna. In na tsinke shi kore, kin san ba ya shanyuwa, ruɓewa zai yi a buhu. Ke ce kike auna ruwa a makaranta. In zai zo, ki faɗa mani, ki taho mu tsinka, don hannuna da na uwarki ba za su iya ba. In ba zai zo ba, in bar shi."

Babu wani hannun da zai kira. Yayanta Babagana ya shiga kwalekwale kamun kifi a shekarun da rikici ya yi zafi, har yau ba a ga ko hularsa ba. Gonar tattasan nan ita ce abincin gidan na shekara, ita ce kuma ta saya wa Kellu farar rigar da ke jikinta.

Ita kuwa ta sani. A makon jiya malaminsu ya kai su bakin gada suka karanta sandar awon ruwa, suka sake komawa suka tarar ta nutse fiye da yadda kowa ya zata. Malamin ya ce ruwan da ke gangarowa daga Nijeriya bai ma iso duka ba. Ba ta san ranar ba, gaskiya ne, amma ta san ba a nesa take ba. Ta waiwaya. Haoua na tsaye a bakin ƙofa tana nuna mata agogon hannunta.

"Baba," ta ce, "zai jira. Zai kai jibi. Gobe da safe ina nan tafe."

"Kin tabbata?"

"Haka awon ya nuna."

Ta ji ya sauke ajiyar zuciya, irin ta mutumin da aka sauke wa kaya. Ya sa mata albarka, ya ce bari ya je ya shaida wa Goggo, tsohuwar da gonarta ke jikin tasu, ita ma ta daina ɓarnar tattasanta. Kafin Kellu ta ce kada ya faɗa wa kowa, ya kashe.

"Yawwa," in ji Haoua, ta karɓi wayar ta kashe ta gaba ɗaya. "Yau kin zama ɗaliba."

A ɗakin gwaji an ajiye wani dogon kwami na gilashi, an yi ɗan shingen yashi a tsakiyarsa. Malamin ya buɗe famfo, ya ce kowa ya auna hawan ruwan, ya lissafa lokacin da shingen zai karye, ya kuma bayyana dalili. Yawancin ɗalibai sun zuba ido a saman shingen suna jiran ruwa ya haura. Kellu ta durƙusa ta dubi ƙasansa. Ta girma a bakin kogi, ta san ba ta sama yake zuwa ba. Tun ruwan bai kai rabin tsayin shingen ba, wani ɗan danshi ya ɓullo ta bayansa, ya zama zare, zaren ya fara jan yashi ƙwaya-ƙwaya. Ta tuna maganar Baba, cewa ruwa ya kai gindin shinge.

Lissafinta ya fito tsaf. Ta rubuta cewa shingen da ruwa ya jiƙa gindinsa ya riga ya mutu, ko da samansa a bushe yake. Ba ta ajiye biro ba sai ga ɗan shingen ya zube, ruwa ya kwashe shi zuwa ƙarshen kwamin. Malamin ya tsaya a kanta, ya karanta takardarta, ya gyaɗa kai.

"Madamazal Kellu, ke kaɗai kika dubi inda ya kamata."

Bai taɓa yabon ta ba sai yau, kuma ba ta ji daɗin komai ba. Ta fita da gudu, ta fizge wayarta daga hannun Haoua. Ta kira Baba don ta ce masa ya tsinka yanzu-yanzu, ko kore ko ja. Wayar ba ta shiga ba. Ta sake, ta sake, shiru.

"Rezo ne kawai, layin waya ne babu," in ji Haoua, amma ita ma muryarta ta sauya. "Kellu, ki tsaya mana ki ci wani abu."

Ba ta tsaya ba. Da farar rigar a jikinta ta isa tasha, ta samu wata tsohuwar mota mai zuwa gabas, ta matsu tsakanin buhunan gawayi da mata masu goyo. A kowane shingen sojoji sai an sauko, an nuna katin shaida, an koma. Tana ta danna waya har batir ya yi ja. Wata mata da ke kusa da ita ta dubi rigar, ta tambaye ta ko likita ce. Ta ce a'a.

Da la'asar motar ta tsaya, direba ya ce iyakarsa ke nan. Tun kafin ta sauka ta ga mutane jere a gefen kwalta, da tabarmi da tukwane da awaki a ɗaure. Daga bakin hanya har inda ido ya tsaya ruwa ne, launin ƙasa, yana tafiya a hankali kamar ba shi ya yi ba. Inda gonaki suke, kan bishiyoyi kawai ake gani. Tattasai na yawo a saman ruwan, ja da kore, yana taruwa a jikin ciyayi.

Ta fara hango Goggo zaune a kan turmi, hannu a kumatu. Tsohuwar ta ɗago ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta dubi farar rigar, ta kawar da kanta. Ko gaisuwar Kellu ba ta amsa ba. Da dai ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Baba Fannami na can gaba kaɗan, wandonsa jiƙe har cinya, yana shanya 'yan tattasan da ya tsamo a kan buhu. Ba su cika ƙwarya biyu ba. Mahaifiyarta na gefe tana hura wuta da ɗanyen itace, idanunta jawur, ko hayaƙi ne ko ba shi ba. Kellu ta durƙusa a gabansa.

"Kin zo yau? Ai gobe kika ce," in ji shi. "Da azahar ruwa ya fasa shingen. Ta ƙasa ya ɓullo, muna tsaye muna kallon sama. Mun fitar da uwarki da awaki, alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba."

"Baba..."

"Kin rubuta jarrabawar?"

"Na rubuta."

"Kin ci?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina jin na ci."

"Madalla." Ya tsinci jajaye guda-guda, waɗanda ba su fashe ba, ya ƙulle su a gefen wani tsumma ya miƙa mata. "Wannan ki kai wa yarinyar nan ta ɗakinku, mai ba ki shawara. Ki ce na gode da take kula mani da ke."

Ta karɓa. Ƙullin a jiƙe yake, ruwan kogi ya ɗiga a kan farar rigarta. Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya. Amma ya riga ta, yana kallon ruwan, ba ita ba.

"Na faɗa wa Goggo kada ta ga laifinki. Shekara biyu kacal kika yi a can, ba a kawo maku darasin irin wannan ruwan ba tukuna. Gobe ki koma. In malaminku ya zo kan darasin, ki zauna a gaba ki saurara da kyau, don kada a sake yi mana haka."

Kellu ta damƙe ƙullin tattasan har yajinsa ya fara cin tafin hannunta.

"To, Baba," ta ce.